Jafarun Dingaya da Magunguna Biyu

Duk wanda ya taɓa halartar gayyar noma a ƙasar Dingaya ya san Jafaru, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai siririn wuya. Idan makaɗi ya ɗora sanda a kan ganga, maza suka jeru a bakin gona, fartanyarsa ce ke fara cizon ƙasa, kuma shi ke fara miƙewa a wancan gefen, ya tsaya yana share gumi yana jiran saura.

Gidansu gidan shanu ne tun kakanni. Fillanci ya ƙare a bakin kakarsa, shi da Hausa ya tashi, sai 'yan kalmomin kiran garke da suka maƙale masa. Mahaifinsa, Malam Yunusa, ya san ciwon dabba, har daga Zandam da Kwandiko ana zuwa ɗaukarsa. Yana da ƙa'ida guda da ba ya ketarewa: ba a ba saniya magani biyu a yini ɗaya. In an ɗura mata jiƙo da safe, allurar malamin dabbobi sai gobe. Yakan ce ciki ɗaya ne, in suka haɗu faɗa za su yi, dabbar ce kuma za ta kwanta. Jafaru ya ji wannan magana tun yana riƙe igiyar maraƙi, ta zauna masa kamar karatun allo.

Da tsohon ya rasu aka raba gado, garken ya watse. Jafaru ya yi shekaru yana ci-rani a kudu, yana dako a manyan kasuwanni. Ya dawo ya sayi shanun huɗa, ya auri Mahbuba, suka haifi 'yarsu Hidaya. Sai zazzaɓi ya kama shi ya ƙi saki, gudawa ta biyo, wando ya fara zame masa daga ƙugu. A babban asibiti a Birnin Kudu aka gwada jininsa, aka ce cutar nan ce mai karya garkuwar jiki. Aka gwada Mahbuba da yarinyar, ba su da ita.

Suka hau motar komawa gida. Mahbuba ce ta ɗauki robar maganin ta ƙulle a haɓar zaninta.

"Malam, tun da akwai magani, ai da sauƙi," in ji ta. "Ni zan riƙa tuna maka."

Daga baya aka mayar da karɓar maganinsa ƙaramin asibitin da ke kusa da gida, hannun wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Na'ima. 'Yar gidan malamai ce, muryarta ba ta tashi sama, kuma ba ta fara magana da mara lafiya sai ta tura ƙofa. Ƙwaya ɗaya kullum da safe. Cikin 'yan watanni naman jikinsa ya dawo, gwaji ya nuna cutar ta kwanta a jini, har ba ta da ƙarfin tsallakawa wajen matarsa. Ban da Mahbuba da Malama, ba wanda ya sani a garin.

Wannan sirrin shi ya tura shi. Shekaru sun fara hawa, bayansa na riƙewa bayan kowace gayya, gwiwa na ƙara. Wani da ya gaji sai ya koma baya ya huta, ba mai tambaya. Jafaru kuwa gani yake ranar da aka wuce shi a gona, ranar za a tuna ramar da ya taɓa yi, a fara haɗa magana. Wata safiya taubashinsa Ƙasimu, ɗan ƙanwar babansa, ya miƙo masa kofin shayi da ya jefa tramol a ciki, ƙwayar nan ta kashe ciwo da 'yan ƙwadago ke sha don kada su ji gajiya.

"Sha, bawana," in ji Ƙasimu. "Kada ka ba mu kunya a gaban mutanen Zandam."

Ya sha. Ranar ya yi noma kamar ba shi da ƙashi a baya. Da farko sai ranar gayya. Kafin a gama noman farko ta zama ta kowace safiya, ɗaya kuma ta daina isarsa.

Jafaru mutum ne mai tsoron ganganci, don haka ya zauna ya yi tunani. Magani biyu, ciki ɗaya. Ya yanke cewa duk ranar da ya sha ta noma, ta asibiti sai ta jira. Idan Mahbuba ta miƙo masa ƙwayar da ruwa, sai ya karɓa ya fita, ya jefa ta a wata 'yar gora da ya rataye a rumbu, ya ajiye ta don rani kamar iri. Bai taɓa fashin zuwa karɓar sabuwar roba ba. A ransa yana ganin ya yi wa jikinsa adalci.

Daminar ta wuce haka, ta biyu ta shigo. Tari ya fara damunsa, wasu ƙuraje suka fito masa a wuya. Malama Na'ima ta ɗebi jininsa ta aika, da sakamakon ya dawo ta sa aka kira shi.

"Malam Jafaru, cutar ta farka," ta ce bayan sun gaisa. "Zan yi maka tambayar da nake yi wa kowa da damina, malami da manomi, ba kai kaɗai ba. Me kake sha don aiki?"

Ya dubi ƙofar, ya ga a rufe take.

"Tramol, Malama. Amma ki kwantar da hankalinki, ban taɓa haɗa ta da ƙwayarki ba. Ranar wannan daban, ranar waccan daban."

"To ranar tramol ɗin yaushe ce?"

"Daga shuka zuwa girbi."

Ta ajiye biron da ke hannunta. Ba ta yi salati ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi inda ya samo wannan ƙa'ida, ya ba ta labarin Malam Yunusa da shanunsa, ta saurara har ƙarshe.

"Allah Ya jiƙan Baba, ya san dabbobinsa," in ji ta. "Akwai magungunan da ba a haɗawa, shi ya sa nake tambaya. Amma taka ta asibiti ba ta faɗa da wannan. Abin da ba ta jurewa shi ne a bar ta. In kana sha kana bari, cutar tana koyon hanyar kauce mata. Kuma in ta farka, tana iya kaiwa ga Mahbuba."

Shi da ya yi ta lissafin cikinsa, bai taɓa sa matarsa a lissafin ba.

"Yau zan zubar da tramol ɗin," ya ce.

"A'a, ba da rana ɗaya ba. Jikinka ya saba da ita, in ka yanke lokaci guda zai kayar da kai, ka koma da gudu. Zan haɗa ka da likita a Birnin Kudu, shi zai tsara yadda za a rage, ni kuma zan riƙa duba ka a nan. Abu ɗaya nake roƙo. Ko ranar da ka kasa, ka sha waccan, to ka sha tawa. Sannan ka zo ka faɗa mini, ba zan kore ka ba."

Ta ba shi kwaroron roba, ta ce a kawo Mahbuba a sake gwada ta. Shi da kansa ya sauko da gorar daga rumbu ya zazzage ta a gaban matarsa a kan tabarma. Mahbuba ta daɗe tana kallon ƙwayoyin.

"Ashe rumbu nake ba magani," ta ce. "Daga gobe a gabana za ka haɗiye, har sai na ga maƙogwaronka ya motsa."

Gwajinta na farko ya fito babu komai, amma Malama ta ce sai an maimaita nan gaba kafin a saki jiki.

Ragewar ba ta zo da daɗi ba. Hamma ta yi ta zuwa masa ba barci, hanci na zuba, ƙasusuwa na ciwo kamar an daka su a turmi. Fushi ya riƙa tasowa ba dalili, har Hidaya ta fara raɓewa bayan uwarta in ya shigo. Duk ranar kasuwa yakan biya ta asibiti. Malama ta auna shi, ta ba shi maganin ciwon baya wanda ba ya kama mutum, ta nuna masa yadda zai riƙa miƙe bayan, wani lokaci kuma hira kawai suke yi a kan farashin taki.

Ana cikin haka aka kira gayyar maimai a gonar wani dattijo a Kwandiko. Jafaru ya je. Da aka jeru, sai ya wuce wurinsa na gaba ya tsaya can gefe cikin masu furfura. Makaɗi ya yi ta kiran sunansa da ganga, bai amsa ba.

"Kai bawana, tsufa ne ko Mahbuba ce ta hana ka tuwo?" in ji Ƙasimu daga gaba.

"Tsufa ne, ubangidana. Na bar muku gaban, ku ma ku ɗanɗana."

"Ga shayi can na ajiye maka."

"Sha abinka. Ni na koma kunu."

Aka yi dariya, aka duƙa. Matasa suka wuce shi, har wani mai ɗingishi ya wuce shi. Ya kai ƙarshen gonar cikin na baya, yana jiran ya ji an fara raɗa. Ba wanda ya ce komai, sai wani tsoho da ya matsa masa wuri a inuwa, ya ce dama sun daɗe suna jiransa a wannan layin.

Sau ɗaya ya zame. Lokacin yankan shinkafa a fadama, aiki ya taru, hadari na barazana, ya karɓi ƙwayar a hannun wani ɗan ƙwadago. Amma da safen ya riga ya haɗiyi ta asibiti a gaban Mahbuba, washegari ma haka, kuma ranar kasuwa ya je ya faɗa. Malama ta ce ta gode da ya zo, suka ɗora daga inda aka tsaya.

Bayan an kai amfanin gona gida aka sake ɗibar jininsu su biyu. Ranar da sakamakon ya iso, Mahbuba na fama da baƙi a gida, shi kaɗai ya je. Malama Na'ima ta tura ƙofa kamar kullum.

"Mahbuba lafiyarta ƙalau. Kai kuma cutar ta koma ta kwanta."

Jafaru ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya so ya yi mata addu'a irin doguwar nan da ake yi wa wanda ya fitar da mutum daga rijiya, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Allah Ya saka wa iyayenki, Malama. Don Allah sake faɗa mini, a hankali. So nake in kai mata shi yadda kika faɗa."

Ta sake faɗa. Ya maimaita a bakinsa, ya mayar da hula, ya fita ya hau kekensa ya kama hanyar Dingaya.