Jar Albasar Jiga Birni

Shekarun da aka ba mu jihar Kebbi ina malamin gona a Aliero. Wata rana aka tara mu aka ce akwai wata ma'ajiyar iri a kudu, inda ake daskarar da iri cikin sanyi ya yi shekaru bai mutu ba, kuma ana son tsofaffin irin ƙasarmu. Nan take hankalina ya koma kan wata jar albasa ƙarama da na sani tun ina yaro, mai jure ajiya har damina. Mutane sun bar ta don sabon iri ya fi ta manyan kawuna.

Na yi ta cigiya har na samu wani tsoho a Jiga Birni da yake shuka ta. Ya auna mini irin a murfin kwano. Na zuba a kwalba na ajiye a ofis ina jiran motar da za ta kai shi kudu, zafi ya bi ta kansa wata da watanni. Da irin ya isa can suka gwada, suka aiko cewa bai tsiro ba.

Na koma Jiga Birni na tarar tsohon ya rasu, 'ya'yansa sun koma sabon iri. Matarsa ce ta ce in je Gumbin Kure, ɗiyarsu da ke aure can ta taɓa ɗibar albasar. Na hau babur na tafi. Mijinta ya yi mini iso, ta saurare ni daga bayan zana.

"Malam, ba ni da iri," in ji ta, "sai kawuna kaɗan da nika miya da su. In za su yi maka, ɗauki."

Na ɗauka. Na roƙi wani aminina gefen fadamarsa, na dasa su da sanyi, ni nake ban ruwa kafin in tafi aiki. Awaki suka cinye wasu, na yi shinge. Sauran suka yi fure. Na yanke kawunan furen, na shanya a inuwa, na sussuke.

Wannan karon ban jira kowa ba. Na shiga motar albasa daga Jega zuwa kudu da rabin irin a kwalba cikin aljihuna, na miƙa ta da hannuna. Na zauna a garin har aka gwada, ya tsiro, aka sa shi a sanyi. Rabin da na rage na kai wa matar Gumbin Kure, ta ce mijinta zai yafa shi bana.