Wutsiyar Jirgin Oga Tari

Shekara goma ke nan da rasuwar Oga Tari, amma kwale-kwalensa na nan a tsakar gidan hayarmu a Sabon Gari, kaji na ƙwai a ciki.

Ga wanda bai san shi ba, mai walda ne, ɗan can bakin teku. Aikin titi ya kawo shi Keffi, ya maƙale. Ni ɗan kamasho ne a tasha, ɗakina jikin nasa. Kullum ya tashi aiki sai sassaƙa, wai jirgin da zai kai mu garinsu, ni da shi. Daga rafin Antau, in ji shi, ruwa zai yi ta miƙa mu ga ruwa har teku. Na ce Oga, Antau ɗin da akuya ke tsallakewa da rani?

Wutsiyar jirgin ce rigimarmu. Ya yanko ƙofar wata tsohuwar mota ya kafa a ƙasan gindinsa, daram, ba ta motsi. Na ce ya yi mai juyawa mana, kamar sitiyari. Ya ce mai juyawa ta masu canza ra'ayi ce. Tasa aikinta ɗaya, ta hana iska karkatar da kai.

Ranar fitarwa muka taru, har da mai shayi. Abin da Oga ya manta, gidanmu ba irin nasu ba ne, zaurenmu kwana gare shi, ba miƙaƙƙe ba ne. Kan jirgi ya shiga, wutsiya ta ci bango. Muka juya, muka kwantar, muka ɗaga, ina! Na yi dariya har na zauna. Na ce a guntule ta.

"Ba wutsiya, ba gida," ya ce, ya mayar da jirginsa tsakar gida.

Damina biyu bayan nan aka binne shi a hanyar Garaku.

Da zai leƙo yau, da ya ga kuɗin fetur ya kwashe tsarana, kowa ya yi Ikko. Ni na loda su a mota da hannuna. Nakan ce musu ina jiran jirgina, su yi dariya, ni ma in yi.

Makon jiya mai gida ya rushe zauren, shaguna zai yi. Ya ce in kwashe tarkacen jirgin nan kafin bulo ya iso, in ba haka ba matan gida su samu itace.

Yanzu ba kwana, ba bango. Jirgi ya saita hancinsa kudu, tsaf yadda Oga ya bar shi. Na ɗaga shi jiya, ashe ba shi da nauyi. Na ajiye, na tafi tasha.