Ranar Da Ƙudan Zuma Suka Tare Cikin Roka

Na yi aikin walda har gashina ya yi fari, na ga gobara iri-iri, amma ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da muka tashi roka a bakin gulbin Rima. Ko kuwa in ce ranar da ta tashi kanta.

Zamanin Turawa ne, tsakanin yaƙinsu na farko da na biyu. Ni lebura ne a wani garejin gyaran motoci da famfuna a nan Sakkwato. Tsarin wurin kuwa, injiniya Bature ke sama, a ƙarƙashinsa heluma, wato shugaban leburori, sannan mu. Helumanmu Garba Dogo ne, mutum mai son a ce ya taimaka. Baturen kuma Mai Lissafi muke kiransa, don ko tafiya yake yi bakinsa na motsi.

A lokacin aka fara kawo mana tukwanen iskar walda. Jirgin ƙasa ke sauke su Gusau, mota ta ƙaraso da su. Ni aka damƙa wa kula da su, da doka guda biyu: kada wuta ta matso kusa, kada maiƙo ya taɓa bakin tukunya. Ba a gaya mini dalili ba. Kullum da safe sai in miƙa hannuwa biyu Bature ya sunsuna, kamar mai cinikin turare. Na bar ƙuli-ƙuli, na bar tsiren unguwar Gawon Nama, tuwo ma ba man shanu nake cinsa. Matata har ta je ta gaya wa gwaggona wai na shiga wata ɗariƙa.

Abin da ke cin ran Mai Lissafi shi ne, da damina in gulbi ya cika, jakar wasiƙu kan yi kwanaki ba ta ƙetare ba. Sai ya ce zai jefa ta ta sama da roka. Ya samo bututun ƙarfe mai tsawon mutum, ya cika shi da kakin zuma, ya bar rami a tsakiya, ya ɗaura wata 'yar tukunyar iska a kansa, mai famfon buɗewa. Sai daga baya muka ji cewa kakin shi ne abincin wutar, iskar kuma ita za ta riƙa zuga ta. Ya sa muka kafa abin a bakin gulbi, ya gayyaci manyansa su zo kallo ranar Asabar da hantsi.

Bai lissafa da ƙudan zuma ba.

Ranar Asabar muka iso muka tarar da bututu yana gunji. Ƙanshin kaki ya jawo gungu guda, sun shiga ta gindi sun tare. Mai Lissafi ya leƙa, suka gaishe shi a fatar ido. Ga baƙi sun fara sauka daga mota, Turawa uku da matar ɗayansu riƙe da laima.

Heluma ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga ba aikin injiniya ba na. A kira Baba Ango."

Baba Ango tsoho ne mai ɗiban zuma a fadamar nan, ba ya ji sosai. Ya zo ya zagaya roka, ya kara kunne, ya ce a kwantar masa da ita, shi bai taɓa ɗiban amya a tsaye ba. Muka kwantar da ita kan buhunan yashi, muka ɗaure da igiya, hancinta na duban gulbi, jakar wasiƙu na rataye a jikinta. Sai ya ciro damin ciyawa ya fara ƙyasta ƙanƙara.

Bature ya ga tartsatsi ya daka tsawa, ya nuna mini babbar tukunyar da muka cika ƙaramar da ita. "Umaru! Ɗauke! Nesa! Nesa!" Na rungume ta na fara mirginawa cikin yashi. Shi kuma ya ruga ya tare baƙinsa kada su matso, ido ɗaya a kumbure. Cikin ruɗewa ya manta ƙaramar tukunyar na nan ɗaure a jikin roka, cike taf.

Ina can ina nishi ina waige. Baba Ango ya cusa ciyawa mai hayaƙi cikin gindin bututu, daidai ramin nan. Ƙuda suka ƙi fita. Na ji Heluma na ɗaga murya don tsohon ya ji:

"Baba, hayaƙin nan bai shiga! Bari in hura maka iska!"

"Mi kac ce?"

"Iska! Akwai ta nan cikin gora!"

Kafin ya taɓa famfon sai da ya goge hannuwansa a riga, ya sunsuna su da kansa. Doka ai doka ce. Ni ma da na hango shi ban ga laifin abin ba. Iska dai muka san ana kashe fitila da ita.

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar ba. Wuta fara fat ta fito ta gindi, tsawon raƙumi. Baba Ango ya faɗi zaune, rabin gemunsa ya tafi. Roka ta tsinke igiya, ta bi saman ruwa a kwance, tana tsalle kamar dutsen da yara ke jefawa, jakar wasiƙu na lilo a bayanta. Masunta biyu suka bar kwalekwale suka faɗa ruwa. Ƙudan da suka tsira kuwa suka fito da fushin wanda aka ƙona wa gida, ba su tambayi mai laifi ba. Baƙi suka shige ƙarƙashin mota, har da mai laima. Ni na kwanta na rufe tukunyata da jikina, suka yi ta harbina a baya, ina salati, don ni aka damƙa wa ita.

Heluma na gudu yana ihu, "Wallahi hannuna ba maiƙo! A sunsuna!"

Da ƙura ta lafa muka ƙirga kanmu, ba wanda ya mutu. Mai Lissafi yana tsaye bakin ruwa, yanzu idanun biyu duk sun rufe. Ya kamo rigata ya ce, "Umaru, ba na gani. Ta ƙetare?"

Na ce, "Ta ƙetare, ranka shi daɗe."

Sai mutumin nan ya fashe da dariya, hawaye na fitowa ta tsagar kumburi.

Da la'asar wani manomi ya ƙetaro da rokar cikin kwalekwale. Ya ce yana cikin noman shinkafa abu ya faɗo ya tone masa kunya biyu, yana ƙanshin alewa. Wasiƙu sun zama toka. Ya tambayi ko ta wa ce, kowa ya dubi ƙasa.

Ba a yi wata ba aka mayar da Mai Lissafi wani gari. Kafin ya tafi ya zaunar da mu, ya kunna tsinke, ya busa masa iskar kaɗan, muka ga ya ci kamar an zuba kananzir. Ya ce ita ba ta ci da kanta, amma duk abin da ta tarar yana ci sai ta mai da shi mahaukaci, maiƙo kuwa ko wuta ba ya jira. Heluma ya ce, "To da ka hwaɗi haka tun hwarko."

Ku da kuke koyon aikin nan, ku duba: ranar nan ba malalaci ko ɗaya a wurin. Baba Ango ya yi abin da ya gada, Heluma ya kiyaye doka, ni na yi abin da aka sa ni. Mai son taimako da aka ba doka ba a ba shi dalili ba, shi ne ke tashin gari. In ka hana yaro taɓa abu, ka zaunar da shi ka nuna masa abin da zai faru, tun gemun wani yana nan cikakke.