Gilashin Wayar Malam

Har yau ban samu wanda ya gaya mini yadda lambar mutum ke riga muryarshi isowa ba. Ta ina take bi? Na tambayi Malam, maigidana, sau da yawa, kullum sai ya ce, "Ke dai kawo mini madubin idona." Ya tafi bai ba ni amsa ba. Ɗiyata Zeinabu ke rubuta wanga magana, ni ina faɗi ina share hawaye.

Duk wanda ya san Malam a Madawa ya san wayarshi ta gida, fiks, mai igiya, da ɗan gilashin da ke nuna lambar mai kira. Aikin haɗa waya ya yi har ya yi ritaya, amma bai taɓa riƙe ta hannu ba. Cewa yake, "Wayar da za ta bi ni har makewayi ba ta da kunya." In fiks ta yi ƙara, sai ya sa madubi, ya duƙa, ya karanta lamba, sannan ya shirya. Babba ne, ya miƙe tsaye. Yaro ne, ya bar ta ta yi ta kuka tukuna.

Ni na san abin da yake duba a gilashin nan. Ƙanenshi Idi, da ke Tama, ya sare iccen lemun da mahaifinsu ya dasa a garka don ya ƙara fangalin albasa. Malam ya zage shi gaban mutane. Tun ranar kowa ya kafe: Malam ya ce ƙane ke fara gaida wa, Idi ya ce wanda ya yi zagi ke fara magana. Shekaru sunka wuce a haka. Tsoron Malam ɗaya ne, ya ɗauki waya ya yi sallama, ashe Idi ne, shi ke nan ya fara.

Sai babban ɗanmu da ke Abijan ya aiko da wani ɗan akwati. Anka haɗa igiyar fiks da ta intanet a cikinshi, duka biyu su fito a waya guda, mu riƙa hira da jikoki har mu gaji. Magana ta fito tas. Amma gilashi ya mutu! Waya ta yi ƙara, ba lamba, sai wasu 'yan zane-zane.

Ranar kasuwa waya ta buga da hantsi, lokacin da Agali, abokin wasanshi Buzun Keita, ya saba kira. Malam ya ce wannan ba ya buƙatar gilashi. Ya kishingiɗa, ya ɗauka:

"Kai ɓarawon raƙumi! Ka yi wanka bana, ko sai baɗi?"

Can sai murya a hankali: "Salamu alaikum, Malam. Raƙumin wa ya ɓace?"

Wayyo! Surukinmu ne, Alhajin Sabon Gida, uban mijin Zeinabu. Malam ya zabura tsaye har zanen gado ya biyo shi. Washegari ya shiga motar kasuwa da ƙullin goro ya tafi ba da haƙuri. Da ya dawo na ce, "Yaya kunka yi?" Ya ce, "Ya yafe. Amma ya rantse mini ya yi wanka."

Daga nan ya ce ni ce gilashi. In ɗauka, in ji murya, in faɗa mishi ko wane ne. To ni yaya zan yi? Ɗan fari ba ni faɗin sunanshi. Liman sunan mahaifin Malam gare shi. Mai kanti sunan Malam kanshi gare shi.

"Wane ne?"

"Wancan ne."

"Wane wancan?"

"Mai sunan wancan ɗin."

"Haba Hajiya! Rabin garin nan ba ki iya faɗi. An ba ni gilashi mai kunya!"

Ya sallame ni daga aiki ranar. Ya koma ɗauka da kanshi, amma ya daina cewa uffan sai an gaishe shi. Mutane su yi ta "alo, alo", su ajiye, su zo har gida su ce wayarmu ta lalace. Wani lokaci kuma can ɗin ma shiru. Malam ya tsaya da waya a kunne, ba ya magana, ba a magana, ni daga bakin ƙofa ina jin injin ban ruwan garka na ƙugi a cikin wayar. Ya daɗe, sannan ya ajiye.

"Wane ne?"

"Ba kowa."

"Ka daɗe da ba kowa a kunne, Malam."

Ya ce in je in duba tukunyata.

Gyara kuwa ya ce ba mai taɓa mishi. Shi da ya haɗa waya tun ba a haifi wanda ya ƙera akwatin ba! Ya musanya igiyoyi, ya hura musu iska, ya lashi bakinsu. Ya ce zafi ne, ya mai da akwatin gindin randa. Ya ce ƙura ce, ya naɗe shi da kallabina. Sai da fiks ɗin ma ta yi shiru gaba ɗaya ya yarda anka kira Haruna, mai gyara daga Tawa, da ake ce ma Mushe, wato malam da Faransanci.

Mushe Haruna ya buɗe odinatar, wato kwamfutarshi, Malam a tsaye bisa kanshi kamar mai gadin hatsi. Ya ce, "Baba, abu biyu ne. Lambar fiks tana zuwa tsakanin ƙara ta farko da ta biyu, akwatin nan kuwa gaggawa gare shi, ba ya jira ya ji ta. Kuma yadda yake aika lamba na wata ƙasa ne, wayarka ba ta gane shi."

Malam ya ce, "Wato baƙo ne, kuma mai katse magana."

"Kusan haka, Baba."

"To koya mishi ladabi."

Mushe Haruna ya sa akwatin ya riƙa jiran ƙara biyu kafin ya miƙa kira, ya juya shi ga irin maganar wayarmu. Anka gwada ta fiks, lamba ta fito. Anka gwada ta Abijan, ta fito. Malam ya yi ma mutumin addu'a har bakin titi, sannan ya dawo ya ce mini dama abin da yake shirin yi ke nan.

Ba a daɗe ba lambar Tama ta bayyana. Malam, da ya ce bai san lambar Idi ba, ya gane ta tun bai gama sa madubi ba. Ya ɗauka, ya yi shiru, can ma shiru. Na ce, "To me gyaran ya ƙara?" Ya ce, "Da ina shiru da zato. Yanzu na san wanda nake yi ma."

Bayan girbi ciwo ya kwantar da shi. Munka jawo wayar kusa da gado. Ranar da zai cika, bayan la'asar, ta yi ƙara. Na sa mishi madubi, na karkato gilashin. Ya duba, ya daɗe shina dubawa. Na kanga mishi wayar a kunne. Sai na ji ya ce, "Idi, salamu alaikum. Ina gajiya? Yaya albasa?" Kukan da ya fito daga wayar nan, ni ma na ji shi. Idi ya kamo hanya a take, amma ya tarar an rufe ma Malam ido.

Allah ka ji ƙan Malam, ka sanyaya makwancinshi, ka yafe mishi taurin kai, ka haɗa shi da iyayenshi cikin rahama. Ni ma ka yafe mini, don ga shi na karya umarninshi. Da na mai da wayar mazauninta, ya kamo bakin mayafina, ya jawo ni kusa, ya ce:

"Kada ki gaya ma kowa ni na fara."