Mutumin da Bai Taɓa Barin Kowa Ya Ci Shi Kaɗai Ba

Kafin motar farko ta tashi daga tasha, Baba Mai Awartaki ya riga ya wanke hanji sau uku da gishiri da lemun tsami, a bakin famfon gidan hayar da yake zaune. Sai ya koma ɗaki ya ɗaure injin niƙa a gefen tebur, irin na hannu da ake juyawa, ya niƙa naman shanu da kitsensa, ya zuba tafarnuwa da barkono. Ya ɗura a hanjin, ya ƙulle da zare gaɓa-gaɓa. Ƙullin nan a da aikin matarsa ne. Shekara shida ke nan da rasuwarta, amma har yau in zaren ya suɓuce wa yatsunsa yakan juya ya dubi inda tabarmarta take a da. Ƙarfe goma yake tura kekensa zuwa bakin tsohuwar masaƙa, ya kafa laima, ya hura gawayi.

Yaran yanzu sun ɗauka soseji a cikin firji yake tsirowa, don haka bari in ba su labari. Lokacin da masaƙa ke aiki, rabin awa ake ba ma'aikata su ci abincin rana, gida kuwa da nisa. Mahautan bayan tasha suna da guntattakin naman da ba mai kallo, sai wani a cikinsu ya niƙa, ya ɗura a hanji, ya gasa, ya tsaga burodi ya saka a ciki. Kafin a ankara tebur goma sha bakwai sun jeru a jikin katangar. Jiniya na kaɗawa layin zai cika maƙil, manaja da mai shara kafaɗa da kafaɗa, kowa a tsaye, don ba a taɓa ajiye kujera a wurin ba.

Masu teburan suna da ƙa'idojinsu. Ba a soka soseji da cokali mai yatsu, romon zai tsiyaye, da awartaki ake juya shi. Ba a kuma sayar da tebur. Wanda ya tsaya a gefenka shekara guda cur, shi kake miƙa wa awartakinka. Babbar ƙa'idar kuwa ta samo asali ne daga baƙin ma'aikata da suka zo garin ba su san kowa ba: in mutum ya zo shi kaɗai, mai tebur ba zai bar shi ya ci a cikin shiru ba, sai ya ja shi da hira har loma ta ƙarshe.

Masaƙa ta rufe. Teburan suka riƙa watsewa ɗaya bayan ɗaya, wannan mutuwa ta ɗauke shi, wancan ƙafa ta gaza, sauran kuwa shagunan gilashi da masu kai abinci a babur suka kwashe musu jama'a. Yau Baba ne kaɗai a jikin katangar, shekara arba'in da uku yana nan. A ƙarshen watan nan shi ma zai tashi. Likita ya ce huhunsa ya sha hayaƙi iya sha, 'yarsa tilo kuma, wadda ke aure a wani gari, za ta zo ta tafi da shi. Takardar izinin wurin da sunan mai riƙe da awartaki take, in ba magaji, hukumar gari za ta mayar da shi wurin ajiye motoci.

Na tambayi waɗanda suka san shi. Wani direban motar haya ya ce min: "Shekarar da matata ta kwashe yara ta tafi, wata huɗu ba wanda nake wa magana in ban da fasinja. Na zo nan ina ci kamar mai haɗiyar magani. Sai ya ce, 'Direba, wai da gaske ne ku ba ku san inda birki yake ba sai kun hango ɗan sanda?' Wallahi na yi dariya har na ƙware. Bai taɓa tambayata abin da ya faru ba. Ni na faɗa masa da bakina, a wata na biyar."

Wata nas kuma ta ce ranar da mara lafiya ya cika a hannunta karo na farko, ta zo ta tsaya da burodin ta kasa kai shi baki. "Bai ce min in yi haƙuri ba," in ji ta. "Cewa ya yi, ''Yata, riƙe min awartakin nan in gyara wuta.' Ya bar ni ina juya soseji kusan rabin awa, yana ba ni labarin yadda matarsa ke masa tsiya wai ƙullinsa kamar na mai ɗaure akuya. Da na miƙa masa awartakinsa, na cinye burodina tas, na koma bakin aiki."

Baba, kai ne abokin cin marar aboki. Kai ne ka san wanda ba ya son albasa da wanda likita ya hana barkono amma yake ɓoyewa. Ka haddace sunayen 'ya'yan mutanen da ko sunanka na yanka ba su sani ba. Abin da ke ci min rai shi ne, in ka naɗe laima ka tura keke gida, shayi da burodi kake ci a bakin gado, rediyo na ta surutunta, ba wanda zai ce maka sannu da aiki.

Kada a ce ba a taɓa samun mai son gadon teburin ba. Bara wani tsohon kukun otal ya zo, magidanci mai hankali, hannunsa kuwa kamar inji. Cikin mako biyu ya iya wuta, ya iya ƙulli fiye da Baba. Ranar nan wani dattijo ya zo shi kaɗai, kuku ya miƙa masa nasa cikin ladabi, ya juya ya zaro waya yana latsawa, har dattijon ya gama ya goge baki ya wuce. Baba ya ce wa kuku, "Malam, gobe ka huta." Kuku ya ce, "Me na ƙona, Baba?" Ya ce, "Ba ka ƙona komai ba."

Da 'yarsa ta ji, sai da ta kira shi. "Haba Baba! Ka kori mutum don bai iya surutu ba? To yanzu wa zai karɓa?"

"In nama kawai za a sayar, ai ga shaguna nan," ya ce mata.

Ni dai ban sani ba ko ya yi daidai. Shi ma yanzu bai sani ba. Na gan shi yana bin kowane mai wucewa da kallo, kamar mai jiran baƙo a tasha. Ya ce min ya janye maganar shekara guda, don ba shi da ita. "Gashin soseji zan koya wa mutum a kwana uku," ya ce, tari na tsinka masa magana. "Wanda nake nema shi ne wanda zai ga mutum a tsaye shi kaɗai ya kasa yin shiru."

Mun gode, Baba. Na faɗa da kunya, don shekara ashirin ina ci a teburinka, kana tambayar lafiyar gwiwar mahaifiyata, ni kuwa ban taɓa tambayarka ko ka karya ba. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka numfashi, ya jiƙan abokiyar ƙullinka.

Ku kuma masu karatu, ba sai kuna da tebur ba. Mai gadin wurin aikinku yana cin nasa a bakin ƙofa, tsohuwar maƙwabciyarku tana cin nata a bayan labule, ku ja kujera ku zauna kusa. In kuwa akwai mai neman sana'a a cikinku, namiji ko mace, wanda bakinsa ba ya masa nauyi, ya tafi bakin tsohuwar masaƙa da ƙarfe goma. Jiya na tarar da Baba ya yo soseji ya bar rabi ba ƙulli, ya taho da zare a aljihu, wai ko wani zai zo ya fara koyo. Da yamma shi ya ƙulle abinsa. Kwana tara suka rage.