Sanyi a Tsakiyar Bazara

Shekarun baya masu nisa, bayan an gama babban yaƙin Turawa da kaɗan, na fito daga makarantar horon malamai a Yamai aka tura ni koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Buza. Ban daɗe da aure ba. Mutanen gari Mushe suke ce mini, kamar yadda ake kiran kowane malamin boko, har matata ma ta ɗauka, da farko cikin zolaya, daga baya ya zauna a bakinta.

Da ta sami cikin fari babu wanda ya faɗa da baki, haka al'ada take. Abin da ya fi cikin fitowa fili shi ne ƙibar da ta soma. Siririya ce a da, irin matan Tamaske masu hawan dutse da tulu a ka, sai ga fuska ta cika, hannuwa sun yi nauyi, awarwaron aurenta sai da maƙeri ya buɗe su kafin su fita. Kuma ba wani ci take yi ba. Fura kaɗan, ta ture ƙwarya.

Maƙwabta murna suke taya ni. "Mushe, tuwon gidan ma'aikaci daban na! Amarya ta zama matar sarki." Ina dariya, amma raina bai kwanta ba. Barci ya yi mata yawa, muryarta ta dushe, in an yi mata kitso gashi na bin hannun mai kitso. Ga shi ana tsakiyar bazara, kowa na neman inuwa, ita kuwa tana zaune a rana lulluɓe da gwado. Na so in tambaye ta, sai na ce wataƙila haka ciki yake, ni me na sani? Dama ni mutum ne mai yawan wataƙila.

Ana haka mahaifiyata ta zo daga Tamaske ta ɗan zauna da mu. Ranar da ta sauka ta dubi matata da kyau ta ce, "Ɗiyata, mi ka damunki?"

Matata ta sunkuyar da kai. "Inna, sanyi nika ji."

Ga wanda bai sani ba, a wurinmu in matar aure ta ce tana da sanyi, sau da yawa ba sanyin gari ake nufi ba. Ciwon nan ne da ba a faɗin sunansa, wanda ake cewa miji ke kwasowa a waje. Mahaifiyata ba ta ƙara tambaya ba. Ni dai na ga ta tsuke baki.

Washegari ta dafa jiƙon saiwoyi da ganyen sabara, ta zuba a ƙoƙo biyu. Ɗaya na matata, ɗaya nawa.

"Inna, ni lahiyata lau."

"Sha dai. Wanda ya zauna Yamai ba ya saurin cewa lahiyatai lau."

"Inna, wallahi ban..."

"Ban tambaye ka ba, kai ma kak ka hwaɗa mini. Ɗiyar mutane ta, kuma yanzu ba ita ɗai ba ta."

Na shanye. Ɗacinsa har kunne. Abin dariya shi ne, duk da na san ban taɓa aikata abin da take zargi ba, sai na soma tuhumar kaina. Ko ana ɗauka a makewayin makarantar kwana? Ko a butar da muke haɗawa? Da matata kuwa ban iya tayar da zancen ba, kunya ta hana. Ita ma shan nata take yi shiru, jiki na ƙara nauyi.

Lokacin kai ta goyon ciki gidan iyayenta ya matso, kuma ƙauyensu babu likita ko kusa. Wannan ne ya tsorata ni har na yi abin da ban saba ba: na ce sai mun je Madawa likita ya gan ta tukuna. Mahaifiyata ta ce, "Kai za ka tona asirin kanka da bakinka?" Na ce ko da hakan ne. Muka ari jaki wurin wani maƙwabci makiyayi, tana bisa ina ƙasa, muna tafiya muna hutawa.

Likitan baƙar fata ne daga can yamma, ba ya jin Hausa, don haka ni ne tafinta. Ya ce me take ji? Ta ce sanyi. Sai na tsaya cak, domin a Faransanci sanyin gari da wancan ciwon ba kalma ɗaya ba ce, dole in zaɓa. Na juya gare ta.

"Wane irin sanyi?"

"Sanyi iri nawa na, Mushe? Ɗari nika ji, kamar an tsoma ni cikin randa." Ta dube ni, ta ga yadda nake zufa, sai ta dafe baki. "Au! Shi ya sa Inna ka ɗura maka sabara? Ni na aza ciwon ciki gare ka!"

Ta yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarta an daɗe. Likita na kallonmu yana jiran fassara, ni kuwa na rasa ta inda zan fara.

Da ya ji ɗari ne a bazara, ga ƙiba babu ci, ga barci, sai ya tashi ya tsaya bayanta ya dafa wuyanta, ya ba ta ruwa ta haɗiya. Ya nuna mini wani ɗan tudu a ƙasan maƙogwaro, farkon maƙoƙo. Ya ce akwai wata tsoka a wurin da ke tafiyar da ƙarfin jiki, mai yiwuwa tata ta yi rauni, amma ba shi da abin da zai tabbatar, kuma ciki kansa yakan kumbura mace. Ya ba ta wani ruwa ja-ja da za a riƙa ɗigawa kaɗan a ruwan sha, ya ce kada ta yi nisa da shi har ta haihu.

Goyon cikin sai aka yi shi a Madawa, gidan wata gwaggonta. Da labari ya kai wa mahaifiyata, abin da ta ce kawai shi ne, "To, jiƙon ai bai kashe kowa ba." Amma ranar ta yanka mini zakara, ta zauna tana kallona har na cinye.

Matata ta haifi mace, da wahala, amma lafiya. Ƙibar ta ragu, ba ta tafi duka ba, tudun wuyan kuwa da shi ta koma ga Allah. Ko ruwan likita ne ya taimaka, ko jikinta ne ya farfaɗo, ban sani ba, kuma don Allah kada wani ya ɗauki labarina a matsayin magani. Yanzu jini ake aunawa a gane. Abin da nake iya faɗi shi ne, mu biyu ne a gidan nan muke son ta, kowa na ta damuwa a ransa, amma babu wanda ya ce mata ta ƙara bayani. Mace mai ciki in ta ce jikinta ba daidai yake ba, a tambaye ta sosai, a kai ta a duba.

Ɗiyar nan da aka haifa, bayan ta manyanta ta soma irin wannan nauyin jiki. Aka auna ta a Tawa, aka ce tsokar wuyan ce, aka ɗora ta kan ƙwaya kullum da safe. Likita ya tambaye ta ko akwai mai irinsa a dangi, ta zo ta tambaye ni. Na ce mai yiwuwa.

"Baba, kai komi mai yiwuwa na."

Sai na ce mata, "Ki ce masa i. Mahaifiyarki ta yi shi, kuma ta faɗa mana."