Ta'aziyyar da Kaka ba ta je ba

Jiya na ji ƙaurin tuwo, sai kakata ta faɗo mini a rai. Tuwonta ya sha ƙonewa, don kullum idonta na kan Gwaggo, 'yarta mai farfaɗiya, kada ta faɗa wuta. A garinmu Kademi ba mai taɓa Gwaggo, wai yawunta na yaɗa ciwon.

Shekarar da naira ta fito, ƙanen Kaka ya rasu a Gaya. Har ta yafa mayafi, sai ta juyo ta dubi matan gidan.

"In ta faɗi, wa zai ɗaga ta?"

Duk suka sunkuyar da kai, har mahaifiyata. Kaka ta ninke mayafin, ta koma bakin murhu.

Allah Ya yalwata kabarinki, Kaka. Ƙunci kam kin sha shi a duniya.